Bakri Ya Tsallake Kogi

"A bar shi ya gama kallon garin."

Abin da na ji Umma ta ce wa Abba ke nan, ina tsaye a bakin falo da tiren shayi a hannuna. Abba ne yake mita a kan mota, wai Yaya Badaru ya sake ɗaukarta tun bayan azahar, shi kuma yana da aikin yamma a famasi. Umma ba ta ɗaga murya ba. Ta faɗa ne kawai kamar mai cewa a rage wa miya gishiri. Sai na shiga. Abba ya ɗauki wayarsa, Umma ta ce na manta na'ana'a.

Ban manta ba, tana cikin butar. Amma na koma kicin na tsaya ina kallon famfo.

Wane gari zai gama kallo? A nan Madina aka haife shi, a nan aka haife ni. Gidan nan namu na Harra ta Yamma, da baƙaƙen duwatsun da ke bayansa, a nan ya fasa gwiwa, a nan ya koya min keke Umma ta kama mu. Mutum yana gama kallon garinsu ne?

Yaya Badaru ya yi digirinsa na biyu a Indiya, a kan ƙwayoyin gado na dabbobi. Bara ya dawo gida, amma aikin ya biyo shi. Yana tare da wasu masu bincike da ke bin damisoshin dazuzzukan kan iyakar Nepal da Indiya. Ba irin mai ɗigo-ɗigo ba, babbar nan mai ratsi-ratsi. Su can suna shiga daji su tsinto kashinta su sa a kwalba a kai ɗakin gwaji, shi kuma a turo masa sakamakon a kwamfuta, ya zauna ya gano wacce ce ta yi, wa ya haife ta, danginta 'yan wane daji ne.

In Abba ya yi baƙi yakan ce, "Ni na tsaya ina miƙa wa mutane magani na kai shi makaranta, ya dawo min da digiri a kan kashi." Su yi ta dariya, shi ma Yaya ya yi. Amma na lura Abba ba ya barin baƙon ya tafi sai ya sa an nuna masa hotunan.

Hotunan kuwa ni ce mai su. Tun da na gama sakandare nake zaune a gida, sai Yaya ya ba ni aikin. Suna ɗaure kyamarori a jikin bishiyoyi, duk abin da ya gitta ta ɗauke shi. Ana turo su jibgi guda. Barewa, barewa, aladen daji, wata tsohuwa da itace a ka, barewa, sai can ka ga wutsiya. Ni nake ware masu damisa, in kwatanta ratsin jikinsu, don kowacce da nata zanen, ba a samun biyu iri ɗaya. Aikin ya dace da ni. Ba a magana, kallo ne kawai.

Masu binciken lamba suke ba damisoshin. Ni kuwa akwai wani saurayin namiji da na sa wa suna Bakri, saboda gashin bakinsa da yadda yake harara, sak Ammu Bakri mai shagon layinmu in ka taɓa masa burodi ba ka saya ba. Na san shi tun yana bin uwarsa. Yana da wani ratsi a kafaɗar hagu da ya rabu biyu kamar majajjawa.

Wata rana muna cin abincin rana na ce, "Yaya, Bakri ya daina fitowa."

"Wane Bakri?" in ji Abba. "Ɗazu na sayo madara a wajensa."

"Na daji, Abba."

Yaya ya ajiye cokali. "Tun yaushe?"

"An daɗe. Uwarsa tana nan, 'yar'uwarsa tana nan kusa da ita. Shi ne babu."

Na zaci zai damu, sai na ga idonsa ya kawo haske. Ya jawo babban farantin shinkafa ya ajiye gefe ɗaya, ya ɗauko ɗan kwanon salak ya ajiye can gefe.

"Duba nan, ya bint, ke yarinya. Wannan babban dajin ne, ɓangaren Nepal, inda aka haife shi. Wannan ɗan kwanon kuma wani ƙaramin daji ne a ɓangaren Indiya, gonakin rake da ƙauyuka sun zagaye shi. Damisoshin cikinsa 'yan kaɗan ne, duk dangin juna. Wa da ƙanwa su haifi 'ya'ya, haka uba da 'ya. In aka daɗe a haka jinin ya kan yi rauni, 'ya'yan su riƙa mutuwa, cuta ɗaya ta shigo ta kwashe su duka."

"A'uzu billahi," in ji Umma. "Muna cin abinci, Badaru."

"Afuwan, Umma." Ya ɗauki ludayi ya shimfiɗa shi tsakanin farantin da kwanon. "Wannan kuma ɗan zirin daji ne a bakin kogi, shi kaɗai ya haɗa su. Macen takan zauna kusa da inda aka haife ta. Namiji in ya tasa sai ya fita neman wurinsa. In ya bi ta nan ya isa can, ya kai musu sabon jini. Shi bai san wata iyaka ba, ba ya tsayawa a buga masa hatimi."

Umma ta miƙa hannu ta ɗauke ludayin za ta ƙara wa Abba miya.

"Halas, shi ke nan," in ji Yaya. "Umma ta gina titi. Kowa ya mutu a kwanonsa."

Abba ya yi dariya har ya ƙware. Ni ma na yi. A ranar ne kuma, bayan an kwashe kwanuka, Yaya ya ce mutanensa sun kira shi ya je ya yi zangon rani tare da su a dajin. Abba ya ce Allah ya sa alheri. Umma ta ce sai a nemo masa takalma masu ƙarfi. Ba wanda ya ce har yaushe, ni ma ban ce ba.

Mu nan ba 'yan ƙasa ba ne, ko da a nan aka binne cibiyarmu. Da iƙamar Abba, takardar izinin zamansa, muke zaune. Namiji kuwa in ya girma ya gama karatu ba a barinsa a ƙarƙashin ubansa, sai ya sami wanda zai ɗauke shi aiki. Wa zai ɗauki mai bin damisa aiki a Madina? Fita daga ƙasar kuma iri biyu ce, kowane yaro a unguwarmu ya sani. Akwai ta fita da dawowa, irin wadda yake yi lokacin yana karatu. Akwai kuma ta ƙarshe, wadda in ka yi ta, duk ranar da ka sake zuwa to baƙo ne kai, da kwanakinka a ƙidaye kamar kowane mai Umara.

Tambaya ɗaya ce, a baki ba ta da wani tsawo. Na ɗauke ta na kai ƙofar ɗakinsa ban san sau nawa ba. In na leƙa sai in ce, "Za ka sha shayi?"

Tun daga ranar da na ji maganar Umma na kasa zama wuri ɗaya. In ɗauki tsintsiya in ajiye. In buɗe hotuna in wuce barewa ɗari ban gan su ba, in koma baya. In hau soro in kwashe shanyar da ba ta bushe ba. Umma ta ce, "Ke Sundus, ƙaiƙayi kike ji ne? Zauna mana." In zauna, in sake miƙewa.

Shi kuwa kullum yana waje. Ran nan ya dawo da jar ƙura a takalminsa, na ce daga ina, ya ce Uhudu, har ya hau dutsen maharba. Wata rana ya ce ya je wajen Handaƙ. Wata rana tsohuwar tashar jirgin ƙasa ta Anbariyya, wadda muke wucewa ta gabanta tun muna yara ba mu taɓa tunanin shiga ba. Mu 'yan gari ba ma wannan zagayen. Muna zuwa Harami, muna zuwa Ƙuba, amma bin wurare ɗaya bayan ɗaya da waya a hannu, wannan na alhazai ne, masu sauri kafin jirginsu ya tashi. Sai dai in baƙo ya zo daga Najeriya a ce Badaru ya kai shi, shi ma a mota yake zama yana jiransa da tsaki.

Hala Uwa maƙwabciyarmu, wadda iyayenta suka zo daga Damagaram tun kafin a haifi Umma, ta shigo aron turmi ta tarar da shi yana cire takalmi.

"A'a, Alhaji! An dawo daga ziyara? Wace jiha ce ta kawo ku?"

"Hala, ke dai."

"Jiya Yazid ɗina ya gan ka a kasuwar dabino kana ɗanɗane kamar baƙo. Saura ka sayo carbi da agogo mai kiran salla." Ta juya wajen Umma tana dariya, amma da ta ga fuskar Umma sai dariyar ta tsaya. Ta ce, "To, Allah ya kiyaye hanya," ta ɗauki turmin ta fita ba ta ko sha ruwa ba.

Har Hala Uwa ta gane. Ni kaɗai ce ba a faɗa wa ba, ko kuma ni kaɗai ce na ƙi ji, ban sani ba.

Ana saura 'yan kwanaki ya tafi, bayan la'asar, ya leƙo ɗakina.

"Yalla, sa abayarki. Raka ni masallacin Ƙiblatain."

"Ƙiblatain? Ga shi nan bayanmu."

"To shi ya sa. Taso."

Muka shiga mota. Na riƙe tambayar a bakina kamar ƙwallon dabino, na rasa inda zan tofar. Ya bi ta tsohuwar makarantarsa ya rage gudu, ya leƙa, ya wuce. Ya bi ta gaban wurin mai tamis ɗin da Abba yake aikensa sayen burodi da safe, nan ma ya rage gudu. Hanyar da ba ta kai a kunna rediyo ba sai da muka yi ta zagaye.

Mun tarar da manyan motocin alhazai jere. Farin masallacin yana ɗaukar ido, 'yan Indonesiya da ɗankwalayensu iri ɗaya, Turkawa, wasu 'yan Najeriya da jakunkunan rataye. Na shiga ɓangaren mata na yi raka'a biyu, ban san me na karanta ba. Da na fito na hango shi a farfajiya tsaye, ya ɗaga kai yana kallon hasumiya kamar yau ya fara ganinta.

Wani dattijo da rawani, Hausarsa ta Sakkwato ce, ya matso kusa da shi.

"Samari, kana jin Hausa? Taimaka ka ɗauke mu hoto da Hajiya."

Yaya ya karɓi wayar ya ɗauke su, ya ce su matsa, ya sake ɗauka.

"Madalla. Ku yaushe kunka iso?"

Na jira in ji ya ce mu 'yan nan ne, Baba, don haka yake cewa kullum, har da ɗan ɗaga kafaɗa. Sai ya yi murmushi kawai ya ce, "Mun ɗan jima."

"Mu jibi za mu wuce Makka. Wallahi garin ga akwai wuyar bari."

"Akwai," in ji Yaya. Sai ya zaro tasa wayar ya miƙa wa dattijon. "Baba, ni ma ɗauke ni. Sundus, zo."

Na ƙi. Na ce ba na son hoto, kuma gaskiya ne, ba na so. Ya tsaya shi kaɗai a gaban masallacin da ya wuce ta gabansa sau dubu, ya haɗa hannuwa a gaba kamar yadda suke yi. Dattijon yana ta cewa ya ɗan saki fuska.

A hanyar komawa mota wani mai talla ya tare shi da ɗaurin na'ana'a busasshiya. "Ya hajj! Na'ana'ar Madina, ya hajj, ka kai gida!" Da can in mai talla ya kira shi hajj, da Larabcin unguwa yake mayar masa har sai mutumin ya ba da haƙuri suna dariya. Yau ya tsaya ya saya. Ɗauri biyu. Alhali ga ta nan Umma ta shuka a bokiti a kan soronmu.

Na shiga mota na rufe ƙofa da ƙarfi ban yi niyya ba.

Ya zauna, ya ajiye ledar a baya, ya sa makulli, sai wayarsa ta yi ƙara. Ya duba. Ya ƙara dubawa. Sai ya buga sitiyari da tafin hannu har hon ya yi kuka, wata Baturkiya ta waiwayo.

"Allahu akbar! Sundus! Duba nan!"

Saƙo ne daga abokin aikinsa. An tsinci kashi a ƙaramin dajin nan na ɓangaren Indiya, an gwada, bai yi kama da na kowa a can ba, ya yi daidai da jinin mutanen babban daji. Sai suka duba kyamarorin wurin. Ya miƙo min hoton.

Ya rame. Akwai wani sabon rauni a hancinsa, kunnensa ɗaya ya yage. Amma ga ratsin nan a kafaɗar hagu, ya rabu biyu.

"Shi ne," na ce.

"Kin tabbata?"

"Bakri ne."

"Ya tsallake kogin! Kin san me ya ratsa? Gonakin rake, titin mota, ƙauyuka da karnukansu, ga masu ɗana tarko. Yawancinsu a hanya suke ƙarewa, ko mota ta buge su, ko su kama akuyar wani a sa musu guba. Shi ya kai!" Yana magana yana rubuta amsa. "In ya samu mace a can, halas, jikokin wurin sun tsira. Kuma yanzu muna da abin nunawa. In an ce za a sare zirin nan a faɗaɗa hanya, sai mu ajiye wa hukumomin ƙasashen biyu hoton nan a gabansu, mu ce ga wanda ya bi ta nan."

Rabon da in ga farin ciki haka a fuskarsa tun kafin ya dawo daga Indiya. A gida yana dariya, amma ba irin wannan ba.

Na ce, "Ya rame."

"Zai murmure. Akwai barewa a can."

"Uwarsa fa?"

"Me ya sami uwarsa?"

"Ba ta nemansa?"

Ya yi 'yar dariya. "Ba ta nema. Ita ce ma take fara nuna masa hanya in ya girma. Wurin ba zai ɗauke su duka ba."

"In ya ga can bai yi masa ba, yana komawa?"

Ya buɗe baki zai ba ni amsa irin ta malamai, na ga ta taho. Sai ya kalle ni ya rufe bakin. Ya tayar da mota.

"Ba kasafai ba," ya ce, yana kallon madubi.

Muka fito daga cikin motocin alhazai. Rana ta yi ƙasa, ta bugi duwatsun Harra suka yi wani ja-ja a kan baƙinsu. Ƙamshin na'ana'ar ya cika motar har yana hawa min kai. Na sauke gilashi, na ɗaga, na sake saukewa. Ya ce in bar gilashin nan ya huta. Na ɗora hannuwana a cinya na danne su.

Ya fara ba ni labarin inda za su sauka, wai gidan katako ne a kan dogayen ƙafafu saboda ambaliya, wai da giwa ake shiga wasu wuraren don ciyawar ta fi mutum tsawo. Ya ce zai riƙa turo min hotuna in ci gaba da warewa, ya riga ya gaya musu ƙanwarsa ce idonsa. Ya ce in kula da Umma da ciwon gwiwarta, in riƙa tuna wa Abba maganin hawan jininsa, mai sayar da magani ne amma shi ne ba ya sha. Ya ce akwai littattafansa a saman kabad, in na ga masu amfani in ɗauka, sauran a ba Yazid. Ya ce kekensa ma.

Mai tafiya zangon rani ba ya rabon keke.

Muka shigo layinmu. Ammu Bakri yana zaune a ƙofar shagonsa yana harar wasu yara, Yaya ya ɗaga masa hannu, ya kalle ni don mu yi dariya tare, ban iya ba. Ya tsaya a ƙofar gida ya kashe mota. Ta tagar kicin na hango Umma ta leƙo ta koma. An kusa kiran magariba, Abba yana jiran motarsa.

Yaya ya miƙa hannu baya ya ɗauko ledar, ya buɗe ƙofarsa, ya sa ƙafa ɗaya a waje. Na san in muka shiga gidan nan, shayi zan sake tambayarsa.

Na riƙe hannun rigarsa. Ya juyo.

"Yaya," na ce. "Fitar nan da za ka yi, ta dawowa ce, ko ta ƙarshe?"